Kyauta Mai Ƙugiya

Duk wanda ya ratsa bakin tashar Nguru bayan sallar lisha, ko ya bi ta unguwannin da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ke haya, da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da wani sabon irin dandali ba. Samari huɗu ko biyar za ka tarar sun yi da'ira a gindin fitilar sola, dab da rumfar mai cajin waya, kowa ya kwantar da wayarsa a tafin hannu, manyan yatsu na ta kai da komo, ba mai ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa. In ka yi sallama sai a amsa maka da ƙeya. Can sai wani ya ja dogon tsaki ya ce sabis ya yanke, wani kuma ya dafe kai ya ce an harbe shi ta baya. Yaƙi ake gwabzawa a wani tsibiri da babu shi a taswira, ko kuwa ƙwallo ake bugawa da wani mutum da ke zaune a Alƙahira ko Santambul. In ka tambaye su nawa suka biya kafin a bar su su shiga, da alfahari za su ce maka, "Ai kyauta ne, Malam."

Wannan kalma ta kyauta ita muka zo yi wa bin diddigi. Tun da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa ba mu cikin rukunin dattawan nan da ke ganin duk abin da ya sa yaro dariya ɓata ne. Mu ma mun yi langa a farin wata har ƙafa ta kumbura, mun zauna gindin bedi muna dara har aka aiko kiranmu. Wasa gishirin ƙuruciya ne. Rigimarmu da masu waɗannan wasanni na waya ita ce, sun kira abu kyauta alhali da ƙugiya a cikinsa, sun kuma kira shi gasa alhali tun kafin a busa usur an san wanda aka ɗaure wa ƙafa.

Mu fara da dara, tun da ita kowa ya sani. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke, wancan dutse. Alhajin da ya zo da mota da ɗan dakon da ya ajiye amalankensa, in suka durƙusa gaban gurabun nan, daidai suke. Ba a taɓa jin an sayar wa wani ɗa na goma sha uku ba. Haka abin yake a bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram: masunta su jeru a gaɓa da homa da gora, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini, sa'an nan a faɗa ruwa gaba ɗaya. Wanda ya kamo babban kifi, gwanintarsa ce da rabonsa. Wannan shi ne abin da Bahaushe da Babade da Bamange suka fahimta da kalmar gasa, kuma da wannan fahimta yaranmu suke shiga wasannin waya. Nan ne aka yi musu sakiyar da ba ruwa.

Dubi yadda aka gina abin. Wasan Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, yana jefa mutum hamsin a tsibiri ɗaya, wanda ya rage da rai shi ya ci. PUBG Mobile, da ya biyo baya a 2018, mutum ɗari yake jefawa. A ido, babu adalcin da ya kai wannan, domin kowa hannu rabbana yake sauka. To amma a Free Fire jaruman da ake wasa da su ba ɗaya suke ba, kowane da baiwar da aka ƙera masa. A watan Disamba na 2020 aka fito da wani mai suna Chrono, wanda aka zana da kamannin ɗan ƙwallon nan Cristiano Ronaldo, aka ba shi wata garkuwa da yakan kafa ta kewaye shi, harsashin abokin gaba ba ya ratsa ta, shi kuwa yana iya harbi daga ciki. Da dayamon ake samunsa, dayamon kuwa da kuɗi ake saye. Bayan an sha ciniki, ƙorafi ya yi yawa, sai aka rage wa garkuwar ƙarfi. Daga baya kamfanin ya sassauta, aka ce ana iya mallakar jarumai da zinaren da ɗan wasa ke tarawa a cikin wasan. Madalla. Amma da me ake tara zinaren? Da sa'o'i. Wato dai farashin bai tashi ba, an dai sauya kuɗin da za a biya da shi.

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar baki ɗayanta, kuma shi muke so mai karatu ya riƙe. Kamfani zai ƙirƙiri wahala da hannunsa, sa'an nan ya sayar da hanyar kauce mata. A Clash of Clans, wasan da Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, in ka sa a ɗaukaka ginin hasumiyarka, da farko daƙiƙoƙi ne, sai ya koma sa'o'i, in ka yi nisa ya zama kwana da kwanaki kana jira. Babu tubalin da ake bugawa, babu lakar da za ta bushe. Lamba ce kawai wani ya rubuta a ofis. A gefen agogon kuwa ga ɗan maɓalli yana ƙyalli: biya duwatsu masu daraja a gama yanzu. Yaran nan da ke cike ramuka a hanyar Nguru zuwa Gashuwa suna miƙa hannu ga direbobi sun fi waɗannan kamfanoni gaskiya nesa ba kusa ba, domin su ba su ne suka haƙa ramin ba.

Wanda ba shi da abin biya sai ya shiga ƙwadago. Kullum da aikin da za a yanka masa: shiga wasa sau kaza, harbe mutum kaza da bindiga kaza, leƙo da safe ka karɓi tukuici, in ka yi fashin kwana ɗaya lissafinka ya koma farko. Akwai kuma zangon wasa na wata guda ko biyu, wanda in ya ƙare duk abin da ba ka kai gare shi ba ya wuce ka. Mun sha ganin yaro ya gaji tilis, idonsa ya yi ja, wasan ya daina yi masa daɗi tun tuni, amma ya ce bari ya ƙarasa aikin yau. Aiki fa ya kira shi, da bakinsa. Ranar da wasa ya zama abin da ake ƙarasawa don kada a yi asara, ya tashi daga wasa. Manomin da ke fama da kacalla a fadamun Nguru, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa bayan an datse kogi a Tiga da Challawa, ya san irin wannan aiki: ka sare yau, gobe ta tsiro. Bambancin kawai, shi manomi in ya buɗe hanya ruwa zai kai gonar shinkafarsa.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me kamfani ke ci da yaron da bai taɓa biyan ko sisi ba? Masu wannan sana'a ba su ɓoye amsar ba. Sanin duk wanda ke cikinta ne cewa mafi yawan kuɗin shiga daga hannun 'yan tsiraru yake fitowa, waɗanda a tsakaninsu suke yi wa laƙabi da sunan dabbar nan mafi girma a teku. A yaren bakin Komadugu sai mu ce giwan ruwa. To giwan ruwa ba ya rayuwa a tafkin da babu ƙananan kifaye. Wanda ya zuba dala ɗari ya sayi bindiga mai walƙiya yana bukatar wanda zai harba da ita, yana kuma bukatar wanda zai gan ta ya yi sha'awa. Yaronmu na bakin tasha shi ne abin harbin, shi ne kuma ɗan kallon. Shi ke cika fili don kada mai kuɗi ya jira abokin karawa, shi ke kallon talla, shi ke jawo abokansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ko da an cire batun saye da sayarwa, filin kansa ba a miƙe yake ba. A wasan harbi, ƙiftawar ido ita ke raba mai rai da gawa. In yaro ya danna wayarsa a Nguru, saƙon sai ya hau turken sabis, ya bi waya ya gangara kudu, sau da yawa har Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kafin ya isa na'urar da ke alƙalancin wasan, sa'an nan amsa ta dawo ta wannan hanya. Abokin karawarsa da ke kusa da na'urar ya riga ya gan shi, ya harbe shi, kafin hoton ya iso Nguru. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda igiyar da ta haɗa mu da duniya take siririya. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara kuma akasarin Arewa ta yi fiye da mako a cikin duhu. Ƙara da wayar kanta, wadda yayansa ya gaji da ita ya bar masa, ga zafin Yobe na watan Afrilu da ke sa ta yi ɗumi ta riƙa sanƙarewa. Da wannan ake cewa ya kara da yaron Dubai, in an ci shi kuma allon ya nuna masa cewa matsayinsa ya sauka, kamar dai laifin hannunsa ne.

Ita kyautar ma, bari mu ɗora ta a sikeli. Data kuɗi ce, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Lokaci-lokaci wasan yakan ƙi buɗewa sai an sabunta shi, sabuntawar kuwa takan lashe datar da za ta ishi ɗalibi bincike na kwanaki. Caji kuɗi ne. Dayamon kuwa da dala ake auna shi: a watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura naira 1,500. Abin da yake kuɗin alewa ga yaron Turai, a Gashuwa kuɗin cefane ne. Kakanninmu da suka kai gyaɗa da ƙaro tashar Nguru bayan jirgin ƙasa ya iso a 1930 sun san ciwon ciniki da wanda sikeli yake hannunsa. Jikokinsu sun koma gaban wani sikelin, wannan karon ma ba a nuna musu ƙwayar awon.

Za a ce mana mun yi kuɗin goro. Gaskiya ne, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A PUBG Mobile akasarin abin da ake sayarwa ado ne, riga da hula da fentin mota, ba ya ƙara wa harsashi zafi, kuma mun ga yaran da da tsohuwar waya suka gagari masu tsada saboda tsabar gwaninta. Za a kuma ce ma'aikatan da suka ƙera wasa ba iska suke ci ba. Wannan ma haka ne, ba mu ce a yi mana aikin banza ba. A faɗi farashi a fili kamar yadda mai gidan kallon ƙwallo yake rubuta nasa a allo, wanda ya iya ya shiga, wanda bai iya ba ya wuce. Abin da muka ƙi shi ne farashin da aka naɗe cikin tsumma bakwai: naira ta koma dala, dala ta koma dayamon, dayamon ya koma tikiti, kuma ƙunshin da ake sayarwa ba ya taɓa yin daidai da kuɗin abin da kake so, kullum sai ya yi saura kaɗan ko ya gaza kaɗan, don ka dawo.

Shi adon kuwa da ake cewa ba ya cutarwa, ta wace hanya ake sayar da shi? Sau da yawa ta akwatin sa'a. Ka biya, a juya maka ƙaho, ko ka sami rigar da kake hari ko ka sami tarkace. Haka ake fitar da manyan 'yan wasa a eFootball, wanda kamfanin Konami na Japan ya mayar kyauta a 2021 bayan shekaru ana sayar da shi da sunan PES, kuma a nan ba ado ba ne, ɗan wasan da ka ciro yana iya ci maka ƙwallo. Tun a shekarun 1950 wani masanin halayya Ba'amurke, B. F. Skinner, ya nuna da tattabaru cewa tsuntsun da ake ba ƙwaya jefi-jefi, ba tare da ya san yaushe za ta faɗo ba, ya fi nacewa da saran maɓalli a kan wanda ake ba shi a ƙa'ide. A garuruwanmu, in mutum ya sa kuɗi a kan abin da bai san zai fito ko ba zai fito ba, suna ɗaya muka sani. Caca. Uban da zai yi wa ɗansa kashedi in ya gan shi a shagon 'yan caca, shi ne da kansa yake saya masa kati, yana murna yaro ya zauna a gida.

In akwai mai shakkar abin da muke faɗa, shekarar 2024 ta tuɓe wa al'amarin riga. Bayan wani wasa na Telegram mai suna Notcoin ya biya waɗanda suka yi ta danna shi a watan Mayu, labari ya bazu cewa ya fashe, sai Arewa ta rufta cikin abin da aka kira mainin. Hamster Kombat ya zo ya yi iƙirarin tara mutum miliyan 300. Babu tsibiri, babu ƙwallo, babu gwaninta. Hoton wani ɗan ɓera ne, ka yi ta dungurinsa da yatsa, ka nemo katunan yau, ka kalli bidiyo, ka gayyato abokai. Ba yara kaɗai ba, mun ga magidanta, mun ga malaman makaranta, mun ga tela ya bar keke yana dungure. Wata da watanni ana haka. Ranar 26 ga Satumba aka raba abin da aka yi alkawari, da yawa suka koka cewa rabonsu bai kai dala goma ba, wasu miliyoyi kuma aka ce sun yi maguɗi aka sallame su hannu wofi. Su kuwa masu abin, tasharsu ta YouTube ta tara masu kallo na fitar hankali. An yi ta yi wa 'yan mainin dariya, mu ba mu ga abin dariya ba. Injin da ke cikin wasannin yaƙi da ƙwallo ne aka cire wa fenti, kuma rashin aikin yi ne man da ke tuƙa shi.

Wasu ƙasashe ba su tsaya kallo ba. A Nuwamban 2017, da 'yan wasa suka lissafa cewa sai mutum ya yi kusan awa 40 yana ƙwadago kafin ya buɗe jarumi ɗaya a Star Wars Battlefront II, wasan da ma sayensa ake yi, ihun da suka yi ya tilasta wa kamfanin EA rage farashin da kashi 75 cikin ɗari, ya kuma dakatar da sayayya a cikin wasan na wani lokaci. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatin sa'a na kuɗi caca ne. Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwatin tun 2017, a 2021 kuma ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako, matakin da mu a ganinmu ya yi tsauri, ya kuma ɗora laifin a kan yaro. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta sa Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520 a Disamban 2022, ta kuma ci masu Genshin Impact tarar dala miliyan 20 a Janairun 2025, tare da hana su sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a sai da yardar iyaye.

Mu fa? Ba za mu fake da cewa ba mu da ƙarfi ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, ashe dai in ta so tana iya kallon ƙato ido cikin ido. Me zai hana ta wajabta wa duk wasan da ke karɓar kuɗin 'yan Nijeriya ya nuna farashi da naira kai tsaye, ya kuma faɗi awa nawa mai ƙwadago zai yi kafin ya sami abin da mai kuɗi ya saya da dannawa ɗaya? A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ce, ba na Majalisar Tarayya ba. Ke nan Majalisar Dokoki da ke Damaturu tana da bakin magana a kan akwatin sa'a, in ta ga dama ta buɗe shi. Malamanmu kuma, waɗanda suka yi ta muhawara a kan halaccin mainin, muna roƙonsu su sa almajiransu masu waya su nuna musu yadda ake juya ƙahon nan, su gani da idonsu kafin su yi huɗuba, domin faɗan da ba a san kansa ba yaro dariya yake yi masa.

Ku kuwa ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Gashuwa da Damaturu, ku kuka fi kowa sanin cewa agogon jira lamba ce da ake iya gogewa. Har yau muna jiran wanda zai ɗora mana dara a waya da harshenmu, mara nauyi, wadda tsohuwar waya za ta ɗauka ko sabis ya yi rauni, a faɗi kuɗinta sau ɗaya a biya, mutumin Nguru ya kara da na Zinder, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu.